Bikin rufin asiri a Jidda da Makka: amsoshin tambayoyin da aka fi yi min

Shekara goma sha huɗu ke nan ina girkin biki a Jidda, na aurar da 'ya'yana mata biyu da ƙanwata ɗaya, ɗana kuma ya yi nasa bara, toh shi ya sa duk wadda ta sa rana sai ta kira ni, wata ƙarfe ɗayan dare, Anti yaya zan yi kuɗin ba za su kai ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, bakina har ya gaji da maimaici, na ce bari dai in zauna in rubuta su wuri guda. Ni ba malama ba ce ba kuma lauya ba, mai tukunya ce, amma mai tukunya tana ganin abin da ya rage a faranti bayan kowa ya watse.

Tambaya: Anti, wai me ya sa bikinmu a nan ya fi na kowa cin kuɗi?

Amsa: Saboda biki biyu muke yi a cikin ɗaya, wannan ita ce gaskiyar magana. Mun taho da namu na gida ba mu ajiye ko ɗaya ba, kayan na-gani-ina-so, sa rana, lefe, kamu, sa lalle, kai amarya, buɗar kai, gara. Sannan muka tarar da na mutanen Hijaz, wato yankin Makka da Jidda da Madina, muka ɗauka gaba ɗaya muka ɗora a kai, milka (ɗaurin aure) da shagalinta, shabka ta gwal da ango yake ba amarya, daren gumra, ƙa'a (zauren biki na haya) da kosha (mazaunin amarya da ake ƙawatawa) da zaffa (rakiyar amarya da kiɗa). Balaraben da muke kwaikwayo ba ya kai gara, ɗan uwanmu na Kano kuma ba ya kama ƙa'a ta mata daban ta maza daban, mu da albashinmu bai kai na kowa ba mu ne muka rungumi duka biyun. Kafin a fara maganar ina ne ake samun araha, gidan ango da gidan amarya su zauna su fitar da wanne za a yi wanne za a bari. Gumra da sa lalle ai abu ɗaya ne, daren ƙunshi ne, a haɗe su. Kamu ma ana iya yin sa a daren. Taro uku ya koma ɗaya, abinci uku ya koma ɗaya, kaya uku na amarya ya koma ɗaya.

Tambaya: Ta ina zan fara lissafi? Ni ango ne, albashina ba yawa.

Amsa: Ɗana, fara daga washegarin biki ka dawo baya. Hayar gida tukuna, don da yawan masu gida a nan wata shida suke karɓa a dunƙule, wani ma shekara, ga kuɗin ofishin dillali, kuma ka tabbata an yi yarjejeniyar a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, kada ka yarda da takardar hannu. Sai kuɗin iƙamar matarka, wato takardar izinin zama a ƙasa. Idan kana aiki a kamfani kuma za ta dawo ƙarƙashinka, akwai kuɗin murafiƙ, wato na iyalin da ke ƙarƙashin baƙo, da aka fara karɓa a Yulin 2017 a kan riyal 100 duk wata, ya yi ta hawa har ya tsaya a riyal 400 duk wata a kan mutum ɗaya, shekara ke nan riyal 4,800, in Allah Ya kawo haihuwa kuma lissafin ya ƙaru. Wannan kuɗin ba ya jiran ka gama biyan bashin ƙa'a.

Toh a ce ka tara riyal 30,000. Cire haya, cire na iƙama, cire sadaki, cire katifa da firij da na'urar sanyaya ɗaki don ba a zama a Jidda babu ita. Abin da ya rage shi ne kuɗin bikinka, ko da dubu biyar ne. Ka rubuta shi a takarda ka nuna wa mahaifiyarka da babbar yayarka tun da wuri, don su ne za su riƙa ƙaro abubuwa. Kuma duk farashin da aka gaya maka ka tambaya da haraji ne ko babu, tun Yulin 2020 harajin saye kashi 15 cikin ɗari ne, abin dubu goma ya zama dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar.

Tambaya: Nawa ya kamata a yanka sadaki?

Amsa: Wannan tsakanin waliyyi ne da mai nema, ba zan sa baki da adadi ba. Abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar shi ne mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, sama kuma ba iyaka, kuma kowa ya san hadisin mutumin da Annabi (SAW) ya ce ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Abin da nake roƙon iyaye kawai, kada a kalli abin da maƙwabci Basa'ude ya karɓa a yanka wa yaron da yake tuƙin motar kamfani. Kuma sadaki haƙƙin yarinya ne, ba kuɗin kama ƙa'a ba ne, na sha ganin an narkar da shi a kosha da furanni ta tare ko zobe ba ta da shi.

Tambaya: Ƙa'a, istiraha ko gida?

Amsa: In mutanenku ba su wuce ɗari da hamsin ba istiraha ta ishe ku, irin waɗanda suke bayan gari masu ɓangaren maza da na mata da fili da kicin. Ana kama ta yini da dare, ku kawo abincinku da kanku, babu mai ce muku sai bufe ɗinmu. Wahalarta nisa, dole a yi wa tsofaffi da marasa mota tanadin bas ko da guda ɗaya ce, sannan ku je da ƙafarku ku duba kafin ku biya, ku kunna kowace na'urar sanyi, ku buɗe famfo, ku leƙa banɗakin mata, hoton da ake turowa a waya ganin kitse ake wa rogo.

Ƙa'a kuma bari in ba ku labarin abin da ya same ni a bikin babbar 'yata. Muka je wata, ba zan faɗi suna ba, mutumin ya gaya min farashi mai daɗi na ji raina ya yi fari, na zaro arabun, wato kafin alƙalami, na ba shi nan take ban karanta takardar ba, Larabcin karatu ba ƙarfina ba ne kuma na ji kunyar in ce a karanta min. Saura kwana tara biki ya kira ni. Masu zuba gahawa da shayi daban ne. Matar da take tsayawa a ƙofa tana karɓar wayoyi masu kyamara daban. Mai ajiye abayoyi daban. Kosha in daga waje za mu kawo akwai kuɗin shigo da ita. Abinci in ba nasu ba ne akwai kuɗin amfani da teburan. Na tsaya a kicin da ludayi a hannu ina jin sa yana lissafowa, miyar da nake yi har ta kama ban sani ba. Na ce toh a maido min da arabun, ya ce Hajiya duba layi na ƙarshe, ba a mayarwa. Awarwarona biyu na sayar na cike. Don haka ki tafi da wanda ya iya karatu, a rubuta komai da komai a takarda, har da ƙarfe nawa za a kashe fitila da nawa ne kowace awa in an wuce.

Gida kuwa in kuna da soron sama ko fili, ɗaurin aure da walimar maza ba sa buƙatar fiye da darduma da 'yan kujerun haya. Ku dai sanar da maƙwabta da mai gidan.

Tambaya: Wane lokaci ne ya fi araha?

Amsa: Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, saboda haka daren Alhamis da daren Juma'a su ne masu tsada. Lahadi zuwa Laraba farashi yana sauka sosai, kuma wata fa'ida, 'yan gayyar soɗi ba sa fitowa ranar aiki. Hutun makaranta na bazara da kwanakin bayan ƙaramar Salla kowa aure yake yi, ƙa'a da mai kwalliya da mai ƙunshi duk hancinsu a sama yake.

Mutanen Makka ku ƙara da wannan, kada ku sa biki daga Zulƙida zuwa bayan Arfa. Lokacin ana tsaurara shiga gari, mai iƙamar Jidda ko Madina in ba shi da izini a shingen hanya za a juyo da shi, ki dafa abincin mutum ɗari biyu rabinsu su kwana a Shumaisi, shingen da ke hanyar Jidda zuwa Makka. Raguna ma lokacin layya suna tashi.

Tambaya: Hajiya, mutum nawa zan gayyata? Ina tsoron a ce na ware wasu.

Amsa: Za a ce, ko kin gayyaci mutanenmu na Jidda da Makka gaba ɗaya sai an sami mai cewa ba a gaya mata da baki ba. Kuma mu biki na farar kaza ne, kin ba mutum ɗaya kati ta zo da kishiyarta da 'yar riƙonta da baƙuwar da ta zo umara. Duk kan da ya shigo kuɗi ne, kujera ce, faranti ne, ruwa ne. Ki rubuta suna, ki raba wa gidan ango adadinsu ki riƙe naki, katin a tura ta WhatsApp ba sai an buga ba, in da hali a sa mai lambar da ake dubawa a ƙofa. Larabawa suna rubuta wa a ƙasan kati cewa aljannar yara gidajensu, wato kada a zo da yara, da farko abin ya yi min nauyi a baki amma yanzu ni ma rubutawa nake. Wadda za ki tsayar a ƙofa kuma kada ta zama 'yar uwa, 'yar uwa kunya za ta ji ta buɗe wa kowa.

Tambaya: Abinci fa, a ba wa matbak, masu girkin biki na kuɗi, ko mu dafa?

Amsa: Nan ne gonata. Na maza ki ba wa matbak, shinkafar mandi ko kabsa a manyan tire, sun fi mu tukwane da wuta kuma sun saba. Amma ragon ku sayo da kanku, a sami namiji wanda ya san dabba ya je kasuwar dabbobi, na Makka Ka'akiyya tana kusa da ku. A cikin irin raguna, harri da na'imi su ne masu tsada, sawakini na Sudan ya fi sauƙi, barbari na Somaliya ya fi shi sauƙi kuma, in ya sha kayan ƙamshi ya nuna luguf ba mai tambayar ki asalinsa. Ba dole ba ne kowane tire da nama, a yi rabi rago rabi kaza. Abdurrahman bn Auf da dukiyarsa ma ce masa aka yi ya yi walima ko da da akuya ɗaya.

Na mata kuma kada ki biye wa bufe mai kala ashirin. Wallahi na sha tsayawa ƙarfe uku na dare ina kallon ana kwashe taliya da salak iri-iri ba wanda ya taɓa, amma tiren waina da sinasir tun kafin amarya ta shigo an sharce shi, miyar taushe har da masu sa yatsa. Mutanenmu abincin gida suke marmari, Larabawan da aka gayyata ma shi suke nema, ku duba yadda suke layin tsire da suke kira siriya. Ki yi abu huɗu masu kyau, shinkafa ɗaya, waina ko sinasir da miya, kaza, sambusa, sai zoɓo da kunun aya maimakon katan-katan na lemon gwangwani. Tumatir da albasa da tattasai a je halaga, kasuwar sarin kayan miya, da asuba a sayo da kwali, ba a sayen kayan miyar biki a bagala, shagon unguwa. Ruwa kuma ƙananan robobi, manyan sha ɗaya ake yi a ajiye a manta.

Dublan da alkaki da cincin da nakiya a tara 'yan uwa a yi a gida sati guda kafin biki, ba sa lalacewa, kuma zaman ma wani shagalin ne.

Tambaya: In abinci ya ragu yaya za a yi?

Amsa: Ki sayi robobin zuba abinci tun farko, a ƙulla wa mutane su tafi da shi. Akwai kuma ƙungiyoyin hifzun ni'ima da suke zuwa su kwashe wanda ba a taɓa ba su raba wa mabuƙata, amma sai an sanar da su kafin ranar.

Tambaya: Lefe akwati nawa ne ba za a ji kunya ba?

Amsa: Kunyar wa? Amarya a nan in za ta fita abaya take sawa, atamfa talatin ɗin a ina za ta ɗaura su? Na buɗe akwatin ƙanwata bayan shekara biyar na tarar da turame ko ninkinsu ba a warware ba. Akwati uku ko huɗu masu kaya na gaske sun fi saiti goma sha biyu da aka cika da tarkacen shagon abu hamsa, na kayan riyal biyar, don a ga tsawo. 'Yan atamfofi da leshi da shadda masu kyau, abayoyi biyu ko uku, kayan zaman gida, takalma, jaka, turare, shi ke nan.

Atamfa da leshi in kuna da mai amana a Kano a sayo a Kantin Kwari a ba wa mai zuwa umara, amma a yi lissafin kilo tukuna, kuɗin awon kaya a filin jirgi yana iya cinye duk rangwamen. Abaya da mayafai da takalma da akwatunan kansu kuwa kada a wahalar da kai, nan ne gidansu, 'yan kasuwarmu ma nan suke zuwa sari, ki shiga Balad da Bab Makka ko Utaibiyya ki taya, kada ki sayi komai a shagon farko.

Tambaya: Gwal fa? An ce dole sai da shabka.

Amsa: Ba dole ba ne, al'ada ce, amma in za a kashe kuɗi a kan wani abu toh gara gwal da furanni, shi yana nan gobe. Ka sayi mai karat 21, ka guji mai duwatsu da yawa, don ranar saye da dutsen ake aunawa ranar sayarwa kuma cire shi ake yi. Ka duba farashin giram na ranar kafin ka fita daga gida, sannan ka tambayi mai shago nawa ne masna'iyya a kan kowane giram, wato ladan ƙira, nan ne ake ciniki don farashin gwal ɗin kansa ba a yin ragi a kansa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da lamba. Hayar gwal ko aro don a nuna a lefe kuma ban goyi baya ba, ranar da aka zo karɓa amarya ce take kuka.

Tambaya: Wa zai yi kayan ɗaki? Gidan ango sun ce mu, mu kuma mun ga a nan ango ne yake yi.

Amsa: Wannan rigimar ta kusa kashe auren wata 'yar ƙawata. A gida iyayen amarya ne suke jere, a al'adar nan ango ne yake shirya gida, sai kowane ɓangare ya zaɓi al'adar da ta sauke masa nauyi. A yi maganar tun ranar sa rana, manya da manya, a raba. Mu yadda muka yi, ango ya ɗauki kayan wuta, firij, na'urar sanyi, injin wanki, murhu, mu muka yi gado da kayan kicin da labule, aka bar falo da majalisin ƙasa irin na Larabawa wanda ya fi kujeru araha nesa ba kusa ba. Haraj Sawarik a kudancin Jidda akwai sabo akwai na hannu, manhajar Haraj ma ana samun masu barin ƙasa suna sayar da kayan gida gaba ɗaya. Kabad da tebur na hannu ba laifi, katifa dai a sayi sabuwa, kuma duk abin katako a haska fitila a lungunansa saboda kuɗin cizo. Kada a manta mu baƙi ne, gidan haya ne, duk abin da aka jibga wata rana sai an biya motar ɗaukarsa.

Tambaya: Rigar amarya, kwalliya, ƙunshi da gyaran jiki?

Amsa: Farar riga haya ake yi, awa huɗu za a sa ta. Kwalliya in kika ce wa mashgal, wato shagon kwalliya, ta amarya ce farashi ninkawa yake, akwai yaranmu da suka iya sosai suna zuwa gida, ki gwada hannunta sati biyu kafin biki. Dilka da halawa da turaren jiki 'yan Sudan da 'yan Cadi maƙwabtanmu ne, a yi ciniki a dunƙule har da ƙunshi. Baƙin lalle dai a gwada kaɗan a hannu kwana biyu kafin ranar, wani ana haɗa shi da rinin gashi, na ga amaryar da hannunta ya kumbura ya yi ƙuraje ranar kai ta.

Tambaya: Anko dole ne?

Amsa: A'a. In za a yi a fitar da guda ɗaya mai sauƙi, ko a ce kowa ta sa kala kaza. Ƙawar da kika sa ta sayi anko uku ba ta da sauran abin da za ta ba ki gudummawa.

Tambaya: In ci bashi ko in shiga Tabby da Tamara, manhajojin saye bashi, in biya a hankali?

Amsa: Don firij ko injin wanki, in ka tabbata albashinka zai ɗauka, wannan kai ka sani. Don kosha da mai kiɗa kuwa a'a. Abin da ya fi mana shi ne adashi, wanda ake ce wa jam'iyya a nan, ka shiga shekara guda kafin biki ka roƙi a ba ka kwasar watan da ya dace, da mutanen da ka san gidajensu. Kuma kada a yi lissafi da gudummawa ko liƙi, in sun zo alhamdu lillahi, amma na ga uwar da ta kama ƙa'a da zaton kuɗin biki zai biya, da aka zazzage jakar da asuba ko kuɗin masu gahawa bai kai ba.

Tambaya: Takardu fa, akwai abin da za mu kashe a nan?

Amsa: Kaɗan ne, amma shi ne wanda ba a tsallakewa. Fatiha a masallacin unguwa ba ta isa ta sa matarka a iƙamarka ba, kuma ranar haihuwa asibiti takardar aure za su nema. A duba iƙamar ango da ta amarya da ta waliyyi da shaidu biyu duk suna da rai, a nemi ɗaurin auren hukuma ta Najiz, shafin ma'aikatar shari'a, a fara da wuri don wani lokacin ana neman ƙarin takarda. Dokar iyali ta 2022 ta sa shekara 18, ƙasa da haka sai kotu ta duba.

Gwajin jini kuma ku yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an kama wuri an ɗinka anko ba. Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasarta shi tun 2004 saboda sikila da makamantanta, mu kuma sikila tana cikinmu sosai ga auren zumunci. In ku biyun AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS.

Tambaya: Dangi na Najeriya da Nijar suna so su zo, yaya zan yi da su?

Amsa: Wanda ya zama dole, kaka ko gwaggo ko waliyyi, a haɗa masa da umara ya jefi tsuntsu biyu, amma a gaya masa ranar komawa tun kafin ya taso, kada biza ta ƙare yana ɗakinki, tarar da za ta biyo baya ta fi kuɗin bikin. Sauran a tura musu abin da ya sawwaƙa su yanka akuya su yi walimarsu a can, riyal in ya koma naira ko sefa yana da auki. A bikin ƙaramar 'yata haka muka yi, muka jingina waya a jikin fulas ɗin shayi, gwaggonnina na Zinder suna ta guɗa ta bidiyo, har ɗaya ta ce a matso da ita kusa ta ga ƙunshin ƙafar, ta duba ta duba ta ce na hagu bai kama kamar na dama ba.